An hana ni Jibin Ubangiji saboda kasuwar Pitowa

Baba Fasto, ina gaishe ka cikin sunan Yesu. Na kawo kukana gare ka ne don a gida kowa ya yi shiru. Lahadin da ta wuce aka kira sunana gaban jama'a, wai dattawa sun sa ni ƙarƙashin horo, ba ni ba Jibin Ubangiji sai na tuba. Faccalata ce ta kai ƙara wai ina barin sujadar Lahadi ina tafiya kasuwa, matar yayan maigidana, wadda ko gaisuwa da ƙyar take amsa mini.

Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a nan Garwa. Gyaɗa mai kyau da sauƙin kuɗi sai Pitowa, wani gari kusa da mu, kuma kowa ya san Lahadi kasuwar take ci, ba ni na sa mata rana ba. Mutanen ƙauye da sassafe suke sauke kaya. Kafin a tashi daga sujada dillalai sun kwashe busasshiya, sai mai danshi ta rage. Baba, mai danshi fumfuna take yi, man ya yi ɗaci, ƙulin ya ƙi ƙarko. Shi ya sa mai saye take tura hannu har tsakiyar buhu, ta tauna 'yan ƙwayoyi, in ba ta ji ƙas ba ta wuce gaba. Wannan ba aikin da ake aiken yaro ba ne, ko da yake dattawa haka suka ce in yi. In kuwa aka bari sai Litinin a cikin gari, gyaɗar ta bi hannu biyu, ribar ta tafi.

Aikin ma a jere yake. Litinin a tsince a shanya. Talata a soya da wuta kaɗan, don in ta ƙone man baƙi yake fita, a murje, a fece ɓawon, a kai inji. Laraba a zuba a turmi ana juyawa ana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan har mai ya tsatso; ruwa ya yi yawa, tunkuza ta cakuɗe, an yi asara. Sannan a mulmula ƙuli a soya. In Lahadi ta kuɓuce, makon duka ya kuɓuce, da me yara za su je makaranta?

Kuma ba na bar Allah ba ne. Addu'ar asuba da yara ba ta wuce ni, taron addu'a na tsakiyar mako ina nan, zumuntar mata ina nan. Lahadin da ba na bukatar gyaɗa ina kan bencina. Faccalata ta karanta wa dattawa Fitowa 20 a kan kiyaye Asabar, da Ibraniyawa 10:25 a kan kada a bar taruwa. To Markus 2:27 fa, inda Ubangiji ya ce domin mutum aka yi Asabar? Matiyu 18 fa, da ya ce ka fara samun ɗan'uwanka ku biyu kaɗai? Ba ta taɓa taka ƙofata a kan maganar ba. Mijinta kuwa haya yake yi da babur ranar Lahadi da yamma, ba wanda ya kira sunansa.

Na manta, har zakkata ta taɓa. Wai ina cutar Allah don daga riba nake cirewa. A ce gyaɗa da itace da niƙa da kuɗin mota sun ci sefa 40,000, aka sayar 48,000. Riba 8,000, zakka 800, haka na iya. Ita ta ce 4,800, daga ciniki duka. Fiye da rabin riba ke nan, Baba, wa zai yi sana'a a haka? Ban san ma yadda ta san abin da nake sa wa a ambulan ba, sai dai in wani a cikin masu ƙirga baiko yana kai mata labari.

'Yata ta fari tana ajin baftisma, yanzu kunyar zuwa take ji. In na ce na tuba alhali zan koma Pitowa, na yi ƙarya a gaban bagade. In na koma wata majami'a, dangin miji su ce na raba gida.

Ga kuma adashenmu na zumunta, ni ce uwar adashe, kwasar ƙarshen watan nan ta faccalata ce. Laifi ne in na riƙe kuɗin har ta je gaban dattawa ta janye maganarta? Don Allah ka amsa a shirin mako mai zuwa, amma kada ka ambaci unguwarmu.

'Yarka cikin Ubangiji,
daga Garwa