Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Kimiyya da Fasaha: a dubi binciken sarrafa sinadarai da haske

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa, roƙo na kawo kan wani ɓangaren bincike da ba kasafai ake tunawa da shi ba in an zo rabon kuɗi.

Akwai sinadarai da ake kira amin (ba amin ɗin addu'a ba), waɗanda masu haɗa magunguna kan mayar da su imin, wani nau'in sinadari da ake buƙata wajen haɗa magani. Da can da gishirin koromiyam ko manganis ake wannan aiki, a ƙare da dagwalo mai guba. Daga baya aka koma amfani da haske, amma sinadaran da ke kama hasken galibi na rutiniyam ne ko iridiyam. Shi iridiyam yana cikin ƙarafa mafiya ƙaranci a doron ƙasa, abin da ake haƙowa a shekara bai kai tan 10 ba, akasarinsa daga Afirka ta Kudu.

To ga ganye kuwa ko'ina. A tatso kulorofil, koren da ke cikinsa, a zuba a kwalbar gwaji tare da amin, a haska fitilar LED, a bar iska ta shiga. Launin ya kama hasken, ya miƙa ƙarfin ga oksijin ɗin iska, oksijin ya zabura ya juya amin zuwa imin. Ba murhu, ba ƙarfe mai tsada. Tun 1912 masanin Italiya Giacomo Ciamician ya hango ranar da masana'antu za su koyi sana'ar tsirrai.

Ba zan ɓoye maka aibun wannan hanya ta kulorofil ba, don a nan kuɗin ya kamata ya tafi. Launin tsiro yana koɗewa a ƙarƙashin hasken da yake aiki da shi. Ruwan da ka fara da shi kore shar sai ka tarar ya dusashe, aiki ya tsaya. Abin da aka tatso bana ba lallai ya zo daidai da na bara ba. Haske kuma ba ya ratsa babban tanki, sai an bi da ruwan ta siraran bututu.

Waɗannan matsaloli ba sa jawo tafi a taro, shi ya sa ake tsallake su. Roƙona a ware tallafi na shekaru, ba na wata shida ba, ga masu neman hana launin koɗewa, a kuma saya musu na'urorin auna tsabtar abin da suka tatso.

Na gode.

Naka,
Wani malamin kimiyyar sinadarai