Kafin ka biya kuɗin tirelar kwana, leƙa bayan firijin

Malam Edita, assalamu alaikum, barka da aiki.

Dan Allah a ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu. Ni mai gyaran firiji da esi (na'urar sanyaya ɗaki) ne a Aboabo nan Kumasi, kuma abin da ya sa na ɗauki waya nake rubutu shi ne waɗannan ƙananan tirelolin kwana da 'yan uwanmu na Amurka da Jamus da Ingila suke turowa ta tashar jirgin ruwa ta Tema, irin wadda ake ɗaura wa mota a baya, ga gado ga ɗan kicin ga firiji, wasu har da esi a kan rufi. Wani ya sayo don tafiyar arewa, wani don ya riƙa kai baƙi Mole su ga giwaye, wata hajiya kuma so take ta mai da tata wurin sayar da fura da burkina. Kowa da hanyar neman halak ɗinsa, ban ce komai ba. Abin da ke ci mini rai shi ne in sanyi ya ƙi zuwa a kanmu masu gyara ake saukewa, a ce mun taɓa mun ɓata, alhali kayan tun daga can ba don ranarmu ba kuma ba don wutarmu aka yi su ba.

Firijin shi ya fi wahalar da mutane saboda yawanci ba su san irinsa ba. Wanda ke zuwa cikin tsofaffin tirelolin nan, su Dometic da Norcold, ba shi da kwamfuresa sam, wato injin nan da ke gurnani a bayan firijin gida, ka kasa kunne har gobe ba za ka ji ƙara ba. Amoniya ce da ruwa da iskar haidirojin a cikin bututun ƙarfe da aka liƙe ruf, ana dafa su daga ƙasa da ɗan harshen wutar gas ko da hita ta lantarki, amoniyar ta tashi sama ta huce ta gangaro, a hanyar gangarowar nan take zuƙe zafin cikin firijin. Wasu ɗalibai biyu ne a Siwidin suka ƙirƙiro shi a 1922, daga baya Electrolux ya ɗauka. Wallahi aiki ne na masu kai, babu abin da ke juyawa balle ya cinye. Amma yana da ƙa'ida. Tunda babu famfo a ciki, nauyin ruwan ne kawai ke mai da shi inda ya fito, to dole tirela ta tsaya daidai, kuma kowa ya san Kumasi hawa da gangara ce, ka faka a karkace ka bar shi a kunne ya kwana ya wuni, ruwan ya taru gefe ɗaya tukunyar da ake dafa shi ta yi ta ƙuna a bushe, a hankali bututun ya toshe, in ya toshe kuwa shikenan sai dai a canza duk ƙarfen bayan.

Sai zafi. Irin firijin nan da zarar iskar waje ta haura digiri 32 sai ya fara kasala, mu kuwa a Fabrairu da Maris nan Kumasi ma muna wuce haka da rana, balle Tamale da Bolga inda ake taɓa 40. Da asuba ka buɗe ka ji ruwa da sanyi ka ce alhamdulillahi, kafin azahar nono ya fara tsami. Lafiyarsa ƙalau, iyakar ƙarfinsa ke nan. Duk wanda zai sayi firiji, ko na tirela ko na gida, ya nemi 'yar takardar da aka manna a jikinsa ya duba harafi: SN da N na ƙasar sanyi ne, iyakarsu 32, ST ya kai 38, T shi ne namu, har 43. Mutane za su tsaya suna duba fenti da labule su manta da wannan.

Maganar da nake ji kullum ita ce "oga a zuba masa gas kawai". Alhaji wane gas? R134a da R600a da muke zubawa na firiji mai kwamfuresa ne, wannan ba shi da bakin zubawa, duk wanda ya ce maka ya cika shi a gefen titi kuɗinka ya ci. Kuma in ka buɗe murfin baya ka ji wari mai yanka hanci yana sa hawaye, ko ka ga wani gari rawaya-rawaya ya zubo a gindin tukunyar, to ya fashe ne, ka rufe kan gas nan take kar ka sake kunnawa, don daga nan gobara ke tashi.

Ba duka ne mutuwa ba kam. Sau da yawa in na cire murfin, abin da nake tararwa ƙurar hunturu ce ta yi kauri a kan fikafikan bututu, ga gidan zanzaro a bakin hanyar hayaƙi, ga yanar gizo-gizo a cikin ɗan ramin da gas ke fita, wutar da ya kamata ta zama shuɗiya ta koma rawaya tana baƙin hayaƙi. A share, a hura, a ɗaura ƙananan fanka guda biyu irin na kwamfuta masu bolt 12 a tagar sama su riƙa jawo iskar zafi waje, sannan a juya tirelar gefen firijin ya kalli inuwa, za ka ga bambanci. Shi kuma maɓallin batir da ke jiki don riƙe sanyi ne lokacin da mota ke tafiya, in ka kashe inji ka bar shi a kai batir zai kwanta kafin ka gama cin tuwo.

Esi nasa labarin na wuta ne. Na Amurka da bolt 120 yake aiki a kan zagaye 60 a daƙiƙa, tamu wutar kamfanin lantarki ECG 230 ce a kan 50. Taransifoma zai sauke maka bolt amma ba zai canza zagayen ba, don haka kwamfuresa da fanka suna gudu ƙasa da yadda aka tsara su, sanyi ya ragu, kan inji ya yi ta ɗaukar zafi, in aka haɗa da ranar da wuta ta zo a raunane sai ka ji yana gurnani ya kasa tashi. Wanda kuma ya soka shi kai tsaye a soket ɗinmu babu taransifoma, wannan kam sai dai mu ce Allah ya mayar da alheri. Wanda aka fi samu a kan rufi mai ƙarfin sanyi BTU 13,500 ne, yana cin wajen wat 1,500 in yana tafiya, amma lokacin tashi yana fizgar ninkin haka, shi ya sa 'yar janaretar da muka saba da ita tun zamanin dumso da ake ta ɗauke wuta ba ta ɗaukarsa, sai mai wat 3,000 ko kusa da haka, ko a saka masa na'urar da ke sassauta tashin. Kuma dan Allah janareta ta yi nisa da taga, hayaƙinta na kisa cikin barci. Tirelolin Turai wutarsu ɗaya da tamu, sai dai yawancinsu babu esi, hita suke zuwa da ita, su sanyi ne damuwarsu.

Ko esin ya tashi lafiya, bangon tirela siriri ne, a tsakar rana kamar gwangwanin madara aka ajiye a kan murhu, esin ba ya hutawa. Ga girgizar hanya tana sassauta kusoshi da robar da ke tsakaninsa da rufi, damina na zuwa ruwa ya fara ɗiga a kan katifa.

Akwai kuma doka. Tun 2013 gwamnati ta hana shigo da firiji da esi na hannu, waɗanda muke kira hom-yus, hukumar makamashi ce ke bin abin, don sun ci wuta sun cika mana bola. Wanda zai turo tirela ya yi magana da ejan ɗinsa tun kwantena ba ta taso ba.

Ni dai in ɗan uwana ne, shawarata ya cire tsohon firijin ya saka mai kwamfuresa na bolt 12, ba ruwansa da karkata irin wadda ke kashe wancan, yana jure zafi, faranti na sola da batir mai kyau sun riƙe shi. Hajiya mai fura kuwa ta sayi ɗan ma'aunin sanyi ta jefa ciki, nono bai kamata ya wuce digiri 5 ba, in ya wuce cikin mutane za ta ɓata. Esi a ɗauke shi na dare ne inda akwai wuta tsayayya, da rana a nemi gindin bishiya da fanka.

Su kuma masu sayarwa ina roƙonsu su daina gwada wa mutane kaya da sassafe ko a cikin rumfa. A fito da tirela fili, a kunna firiji tun daren jiya, mai saye ya zo ƙarfe 2 na rana da mai gyaransa ya sa hannu a ciki kafin a ƙirga sidi ko ɗaya.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naka,
Mai gyaran firiji,
Aboabo, Kumasi