Kafin a Ce Kifi Ya Kafa Tarihi, Wa Ya Auna Shi?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci kan wata gardama da ke yawan tasowa a tsakaninmu, 'yan Arewa masu sana'ar kifi a Legas, duk lokacin da hoton wani ƙaton kifi ya fara yawo a WhatsApp ana cewa ba a taɓa kama irinsa ba a duniya. Kafin a ce kwabo, majalisa ta rabu biyu, wasu na rantsuwa cewa gaskiya ne, wasu na cewa haɗin kwamfuta ne, alhali babu wanda ya tambayi inda aka auna kifin ko wanda ya tsaya a wurin awon. Abin yana damuna, domin jita-jita irin wannan tana ɗaukaka maƙaryaci, kuma tana zubar da mutuncin masunci mai gaskiya.

Babu kifin da aka fi yin wannan ce-ce-ku-ce a kansa kamar bas mai faffaɗan baki, kifin ruwan daɗi da Amurkawa ke kamawa da fatsa, suna gasa a kansa da kuɗi masu yawa. A ranar 2 ga Yunin 1932 wani matashin manomi mai suna George Perry ya kama guda a tafkin Montgomery da ke jihar Jojiya ta Amurka, aka auna shi a gidan waya ya kai laba 22 da oza 4, wato kilo 10 da 'yan kai. Lokacin ana fama da matsin tattalin arziki, don haka sai ya kai kifin gida aka dafa aka ci. Masu shakka suna kafa hujja da cewa babu kifin balle a sake dubawa, amma an yi awon a sikelin hukuma a gaban mutane, aka kuma rubuta, shi ya sa sunansa ya zauna a littafin tarihi har yau.

Shekara 77 babu wanda ya kamo nauyin kifin Perry a hukumance, sai ranar 2 ga Yulin 2009 da wani mutumin Japan, Manabu Kurita, ya fito da kifi mai kilo 10.12 daga tafkin Biwa na ƙasarsu. Nan take surutu ya tashi, aka riƙa raɗe-raɗin cewa a wurin da aka hana kamun kifi ya jefa ƙugiyarsa. Ƙungiyar masu kamun kifin wasanni ta duniya, IGFA, wadda aka kafa a 1939 kuma take adana irin wannan tarihi daga jihar Fulorida, ba ta yi gaggawar gaskata shi ba, ba ta kuma yi gaggawar ƙaryata shi ba. Ta shafe kusan wata shida tana bin takardu da hotuna da bayanan shaidu, har mutumin ya yarda aka gwada shi da na'urar gane mai ƙarya, sannan a watan Janairun 2010 ta tabbatar da kamun nasa. Duk da haka ba a ce ya doke Perry ba, kunnen doki aka ce sun yi, saboda ƙa'idar ƙungiyar ta ce kifin da bai kai laba 25 ba sai ya zarce na baya da aƙalla oza 2, wato kimanin giram 57, shi kuwa nasa bai zarce da ko oza guda cikakkiya ba. Wani zai ga tsaurin ya yi yawa. Ni ina ganin daidai ne, domin duk wanda ya saba da sikeli ya san ruwan da ke jikin kifi kaɗai yana iya kawo wannan bambanci.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Mac Weakley. A ranar 20 ga Maris na 2006, a tafkin Dixon na jihar Kalifoniya, ya fito da wata kifanya da masunta suka daɗe da sani, suna kiran ta Dottie saboda wani baƙin ɗigo da ke kusa da kumatunta. Sikelin hannu ya nuna laba 25 da oza 1, fiye da kilo 11, nauyin da ya wuce na Perry nesa ba kusa ba. Sai dai ƙugiyar ba a baki ta kama ta ba, a gefen jiki ta soke ta, kuma mutanen da ke bakin ruwa sun gani. Dokar jihar ta ce dole kifi ya kama ƙugiya da bakinsa. Mutumin ya mayar da ita ruwa, daga baya ya sanar cewa ba zai nemi a rubuta masa bajintar ba. Har yau ana muhawara a kan wannan kamu, amma ana yin ta ne a kan abin da aka gani da ido, domin shi kansa bai ɓoye yadda ƙugiyar ta shiga ba. A 2008 aka tsinci kifanyar ta mutu a kan ruwa.

Ba na cewa zargi kullum hassada ne. A 2022, a wata gasar kamun kifi a tafkin Erie na Amurka, alƙalin gasa ya tsarga da nauyin kifayen wasu mutum biyu, ya farka cikin kifayen a gaban jama'a, sai ga dunƙulen darma na faɗowa, maganar da ta kai su har kotu da gidan yari. Abin lura shi ne wuƙa da sikeli ne suka tona asirin nan take, ba a bar shi ya zama tsegumin shekaru ba.

A nan ne maganar ta shafe mu. Mu ne muke da Argungu, bikin da aka faro a 1934, wanda UNESCO ta sanya cikin al'adun da duniya ke taƙama da su a 2016, kuma giwan ruwan da ake fitowa da shi daga kogin Matan Fada yakan ninka kifin Perry sau shida ko bakwai. A 2008 an karɓe kambun wanda ya zo na ɗaya bisa zargin cewa kifinsa matacce ne tun kafin a shiga ruwa, kuma labarin ya zaga duniya. Gane irin wannan ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Kowace mai sayar da kifi a kasuwar Epe da ke jihar Legas, da kowane ɗan'uwanmu da ke saro kaya a can, ya san a ɗaga murfin kumatu a duba: na kifin da ya fito yanzu jajir yake, na wanda ya kwana ya kan dusashe ya yi yauƙi, idonsa ya yi hazo, tsokarsa kuma idan an danna da yatsa ba ta saurin dawowa. Haka kuma mun san dabarar hoto, inda mutum zai miƙe hannuwa ya tura kifi gaban kyamara har a ga kamar kifin ya fi shi girma. Ilimin yana hannunmu, tsari ne da rubutu suka yi mana ƙaranci.

Saboda haka ina kira ga Gwamnatin Jihar Kebbi da Masarautar Argungu da Sarkin Ruwa da su tanadi sikelin da hukumar awo ta tantance kafin kowane biki, a duba kumatu da cikin manyan kifaye a bainar jama'a kafin a miƙa kyauta, a kuma buɗe littafi guda da za a riƙa rubuta nauyi da tsawo da sunayen shaidu kowace shekara, yadda ɗalibi ko ɗan jarida zai iya zuwa ya duba. Ku ma 'yan jarida, idan hoton ƙaton kifi ya iso teburinku, ina roƙon ku tambayi ranar kamun da ruwan da aka yi shi da wanda ya auna kafin ku buga.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Wani mai sana'ar kifi,
Agege, Legas.