Amsa ga wanda ya zarge ni da raina jinin sojoji

Assalamu alaikum, Yallaɓai.

Na ji tambayar da ka jefo mini a bainar jama'a, cewa in faɗa wa duniya ko na taɓa riƙe bindiga da har zan ce tsaron ƙasa bai tsaya ga soja da ɗan sanda ba, sannan ka ƙara da cewa mai irin wannan magana ya raina jinin waɗanda suka kwanta dama a fagen daga. Ban taɓa riƙe bindiga ba, kuma ban taɓa da'awar haka ba. Zargin raina jini shi ne ya sosa mini rai, domin duk mai bibiyar rubuce-rubucena ya san na sha magana a kan haƙƙin matan sojoji da marayunsu, tun lokacin da mafi yawan masu ɗaga murya a yau suka yi gum da bakinsu.

Abin da na faɗa, kuma ina nan a kan bakana, shi ne hukumar da ta rantse za ta kare rayuka ba ta da ikon zaɓar irin mutuwar da za ta damu da ita. Ka dubi Labanon. A ranar 4 ga Agusta, 2020, wajen tan 2,750 na sinadarin amoniyam naitiret, wanda ake yin takin zamani da abubuwan fashewa da shi, ya tarwatse a tashar jiragen ruwa ta Beirut, ya hallaka mutum fiye da 200, ya jikkata dubbai, ya ragargaza unguwanni. Kayan nan sun shafe kusan shekara shida a jibge cikin sito ɗaya, jami'an kwastan suna ta rubuta takardu a kwashe su, takardun suna yawo daga wannan teburi zuwa wancan, kowa yana cewa ba huruminsa ba ne. Ƙasar tana da sojoji a ranar, tana da makamai, amma babu bataliyar da za ta iya tare abin da sa hannun mutum ɗaya zai iya hanawa. Haka a Bangaladesh a 2013, an ga tsagewa a bangon ginin Rana Plaza ana gobe zai rushe, aka tilasta wa ma'aikatan ɗinki komawa bakin kekunansu, sama da mutum 1,100 suka mutu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta cewa haɗarin hanya yana cin kimanin rayuka miliyan 1.19 a kowace shekara.

Wannan Bangaladesh ɗin ce kuma ta nuna cewa abin yana gyaruwa. Guguwar 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000 a yankin; daga baya aka gina mafaka a bakin teku, aka horar da 'yan sa-kai masu bin ƙauyuka da lasifika, har ya zama lokacin guguwar Amphan a 2020 an kwashe mutum fiye da miliyan biyu, waɗanda suka rasu a ƙasar ba su kai ɗari ba. Shin mai lasifikar nan ba aikin tsaro yake yi ba?

Ina girmama ka, Yallaɓai, amma dole in faɗi abin da ke raina: ban yarda kishin soja kaɗai ya sa ka yi wannan tambaya ba. Akwai waɗanda suke cin gajiyar a taƙaita tsaro ga sayen makamai, saboda da zarar an ambaci kalmar sai a rufe littafin kuɗi a ce sirri ne, wanda ya tambaya kuma a kira shi maƙiyin ƙasa. A ƙarƙashin wannan rufa-rufa ce ake barin motar kashe gobara ta iso wurin wuta babu ruwa a tankinta, mai duba gine-gine ya rasa abin hawan zuwa aiki, jabun magani ya shiga cikin jariri ba tare da wani ya gwada shi ba. Shi kansa sojan da kake kāre sunansa, a kan hanyar da ta lalace yake tafiya, kuma 'ya'yansa ne suke kwance a asibitin da babu wuta.

Na amsa taka tambayar a gaban jama'a, saura tawa: a cikin kuɗin da ake warewa da sunan tsaro, nawa ne yake isa hannun sojan da ke bakin daga, kuma wa aka yarda ya duba?

Wassalam.