Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya, Shugaban Ƙungiyar Gwamnonin Arewa

Mai girma Gwamna, assalamu alaikum. Allah ya taya riƙo.

A ƙarshen watan Maris na 2025, da aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo suna hanyar komawa Kano yin Sallah, ƙungiyarku ba ta yi jinkiri ba. Kun yi Allah wadai, kun nemi a kamo waɗanda suka aikata a gurfanar da su. Daidai kuka yi. Bindigogin farauta kawai aka gani a motarsu, wani ya ce masu satar mutane ne, shi ke nan aka kawo taya da fetur. Babu ɗan sanda, babu alƙali, babu wanda ya tsaya ya saurare su.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, mudun da muka auna Uromi da shi ba shi muke fitarwa ba idan wanda ake zargi namu ne.

A watan Yunin 2016 taron jama'a ya kashe wata dattijuwa 'yar kasuwa, 'yar ƙabilar Ibo, a Ƙofar Wambai a Kano bisa zargin ɓatanci ga addini. An kama mutum biyar. Kafin shekara ta ƙare kotu ta sallame su bisa shawarar ma'aikatar shari'a ta jiha. To, in ba su ba ne, su waye? Da rana tsaka abin ya faru, a cikin kasuwa. A watan Mayun 2022 kuma aka kashe wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato bisa irin wannan zargi. Fadar Sarkin Musulmi ta yi tir, an kama mutum biyu. Sai ga zanga-zangar a sake su, har Gwamna Tambuwal ya sa dokar hana fita. Tuhumar da aka yi musu ma ba ta kisa ba ce. Lokacin kana gwamna, kana cikin ƙungiyar nan, kodayake ba kai ke shugabanta ba.

Na san abin da za a ce mini: ai wannan maganar addini ce, ba ɗaya suke da Uromi ba. Nauyin zargin ya bambanta, na yarda. Amma wane malami ne ya karantar da cewa taron jama'a na da ikon yanke hukuncin kisa a kan titi? Hukunci na shugaba ne da alƙali, bayan shaidu da sauraren wanda ake tuhuma. Matasan Uromi ma sun yi imani ɓarayin mutane suka kama. In muka yarda cewa tabbacin da ke zuciyar taro ya isa hujja, da wane baki za mu tuhume su?

Dubi kuma yadda aka yi da babban jami'in ɗan sanda DCP Abba Kyari. A Yulin 2021 hukumar FBI ta Amurka ta ambace shi a shari'ar ɗan damfarar intanet Hushpuppi, a Fabrairun 2022 kuma hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi NDLEA ta zarge shi kan hodar ibilis. Ban ce ya aikata ba, wannan aikin kotu ne. Amma kafin kowa ya karanta takardar tuhuma Facebook ya rabu gida biyu. Can Kudu an riga an ɗaure shi, nan Arewa an riga an wanke shi tas, wai makirci ne don a karya ɗanmu. Da Sanata Ike Ekweremadu, ɗan Kudu, ya shiga hannu a Landan kan batun cire ƙodar wani yaro mai talla a Legas, sai aka juya kujeru: masu cewa doka ta yi aikinta suka koma roƙon sassauci, mu kuma muka zama masoya doka dare ɗaya. Shekara 9 da wata 8 aka yanke masa a 2023. Yaron nan, talaka, kusan ba wanda ya yi ta tasa. Madalla da mu duka.

Kullum sai a ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ƙuraishawa ma haka suka so yi da matar Banu Makhzum da ta yi sata, har suka tura Usama ɗan Zaidu ya roƙa mata. Ka san amsar da Manzon Allah (SAW) ya bayar, da sunan 'yarsa da ya kira a wurin.

Ranka ya daɗe, ku goma sha tara ɗin nan kowannenku ya rantse zai yi wa kowane irin mutum adalci bisa doka, ba tsoro, ba son kai, ba ƙiyayya. A cikin rantsuwar babu inda aka ce sai in mamacin ɗan gida ne. Kuma kowace jiha na da Antoni Janar da gwamna ya naɗa da hannunsa, don haka wannan ba abin da za a jingina wa Abuja ba ne.

Akwai batun 'yan ɗaurin auren Zariya da aka kashe a Mangu ta Jihar Filato a Yunin 2025, a cikin jihar ɗaya daga cikinku. Akwai diyyar da Gwamna Okpebholo na Edo ya yi alkawari da ya zo Kano ta'aziyyar mafarautan. Ku bi su, don Allah, kada su mutu a takarda.

Amma a zamanku na gaba a Kaduna, ka sa kowane gwamna ya zo da fayil ɗin duk wanda taro ya kashe a jiharsa bisa zargi, ɗan gari ne ko baƙo, Musulmi ne ko Kirista, tare da sunan kotun da shari'ar take da ranar da za a sake zama. Ku karanta mana su a fili, na Ƙofar Wambai da na Sakkwato a jere da na Uromi.

Wassalam.