Godiya ga Ma'aikatan Gidan Tarihi na Damagaram

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Ni malamar firamare ce a unguwar Zango. Makon jiya na kawo muku ƴan ajina, kuma tun da muka koma tambayoyinsu sun hana ni sakat. Shi ya sa na ce godiyar nan a bainar jama'a zan yi ta.

Kafin zuwanmu, da an ambaci zane sai hankalin yaran nan ya tafi hotunan Turawa da suke gani a salula. Wata ma tun a hanya take tambaya ko za mu ga Monaliza. Baban da ya zagaya da mu bai yi mata dariya ba. Ya ce, "Ƴata, wannan tana Faris, kuma abin kallo ce, amma zo ki fara ganin na gida." Ya tsayar da su gaban wata tsohuwar jakar fata, ya bi musu aikin daki-daki: majemi ya jeme fatar akuya da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, baduku ya tsaga ta siri-siri ya saƙa ado. Wani yaro da mahaifinsa ke dukanci a kasuwar Dole ya yi tsit, can ya ja mayafina: "Malama, ashe irin aikin babana ma ana zuwa kallonsa?" Wallahi sai da na share ido.

Garin da Sarki Tanimun ya kewaye da ganuwa har aka ƙera igwa a cikinsa, garin da ya riƙe hedikwatar Nijar har 1926 kafin a mayar da ita Yamai, bai kamata ƴaƴansa su riƙa wuce zanen magina a bangon Birni kamar ba su gani ba. Ba na ƙin na waje. Baƙo ne, a shimfiɗa masa tabarma, yara su ƙaru da shi, amma su fara sanin mai gida. Jamhuriyar Benin ma sai da ta yi ta fafutika kafin Faransa ta maido mata kayan fadar Abomey 26 a 2021. Mu namu ga shi a hannu, kuna ta tattalinsa.

Allah ya saka da alheri, har da maigadin da ya yi haƙuri da hayaniyarmu. Mahaifin yaron nan ya aiko a faɗa mini in za mu dawo da shi za a zo.

Taku,
Wata malama, Zango, Damagaram