A riƙa gwada jinin masu feshin maganin ƙwari

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin hukumomin lafiya kan masu feshin wake da kayan lambu.

Magungunan ƙwari irin su dichlorvos, wanda ake haɗa ota-fiyafiya da shi, da chlorpyrifos, suna danne wani sinadari a jini mai suna kolinestares, mai daidaita saƙon jijiyoyi. Idan ya ragu sosai sai yawu ya riƙa zuba, ga zufa da amai, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya sarƙe. Gwajin jini na kama raguwar tun kafin nan.

Kuskuren da aka fi yi shi ne gwaji ɗaya tak bayan ciwo ya kama. Kowa da ma'auninsa, don haka a ɗebi jinin farko kafin damina, bayan mutum ya yi kwana 30 bai taɓa maganin ba, a kuma riƙa kaiwa ɗakin gwaji ɗaya. Ƙa'idar jihar Kalifoniya ta Amurka ita ce: raguwar kashi 20 cikin 100 daga ma'aunin farko, a binciki yadda mutum yake feshi, kashi 30 a jajayen ƙwayoyin jini ko 40 a ruwan jini, a dakatar da shi sai sinadarin ya koma kashi 80 na ma'aunin farko.

Ciwon hanta da juna biyu su ma suna rage kolinestares na ruwan jini, kuma gwajin ba ya ganin gubar paraquat, maganin kashe ciyawa. Wanda aka kawo yana shure-shure kuwa, a cire masa tufafi, a wanke shi da sabulu, likita ya fara allurar atropine ba tare da jiran sakamako ba.

Naku,
Ma'aikacin ɗakin gwajin jini, Kano